Baƙin Hayaƙin Motar Citta

Motar ba ta yayana ba ce. Ta ƙungiyar manoman citta ce ta cocinmu, a ƙauyenmu da ke bayan Kwoi, shi direba ne kawai. Na fara da wannan ne don a san cewa mutumin da aka ci wa mutunci a kanta ko taya ɗaya bai mallaka a jikinta ba. Shekara huɗu yana jan ta, yana kwaso buhunan citta daga gonaki zuwa kasuwa, wani lokaci har Kafanchan inda nake koyarwa. A tsakar gidanmu take kwana, ƙarƙashin mangwaro, kuma yakan wanke ta fiye da yadda yake wanke ƙafarsa.

Ƙaramar babbar mota ce mai shan gas, irin mai guntun kai ɗin nan da direba ke zaune a kan inji. Tana da turbo, abin da dattawan kwamiti suke faɗa da alfahari kamar su suka ƙera shi, ko da yake babu ɗayansu da zai iya nuna maka inda yake.

A tsakiyar kakar citta ta fara. In babu kaya lafiya lau take tafiya. Amma da an ɗora mata buhuna ta doshi hawan da ke bayan gada, sai ƙarfinta ya tsinke. Yayana ya take totur har ƙasa, ita kuwa ta yi ta nishi tana tuttulo baƙin hayaƙi ta salansa, hayaƙin da masu babur na bayanta sai sun tsaya sun goge ido. Hawan da take cinyewa a giya ta uku ya koma sai da ta ɗaya, wata rana ma sai da aka sauke rabin kaya a gindin tudu aka yi sawu biyu.

Kwamiti ya kai ta wajen makaniki na farko, ya canja filtar mai da ta iska, ba ta sake zani ba. Na biyu ya kwance nozul huɗu ya tafi da su gyara, ya dawo ya ɗaura, hayaƙi na nan yadda yake. Na uku ko ƙarƙashinta bai leƙa ba, ya tsaya daga nesa da hannu a aljihu ya ce turbo ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Da dattawa suka ji kuɗin, sai suka daina neman ciwon mota suka koma neman mai laifi.

Ma'ajin kwamiti ne ya samo shi. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai son a ce ya san komai. Wani ya gaya masa an taɓa ganin yayana yana sayen gas a jarka wajen 'yan bumburutu. Gaskiya ne, ya saya, ranar da gidajen mai suka rufe kuma cittar mutane tana jibge a bakin hanya hadari na haɗowa. Daga wannan jarka ɗaya ma'aji ya gina gida har da rufi. Ya ce yayana yana karɓar kuɗin gas mai kyau, yana sayen gaurayayye da kananzir, yana soke canji a aljihu, shi ya sa inji ya lalace. Baƙin hayaƙi kuwa, in ji shi, shaida ce daga sama, abin da aka yi a ɓoye ne yake fitowa fili. Haka ya faɗa a gaban dattawa, su kuma suka gyaɗa kai.

Ranar Lahadi aka karanta sunan yayana a coci, an sa shi ƙarƙashin horo har a gama bincike. Wanda bai tashi a irin cocinmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Za ka bar wurin zamanka ka koma bencin baya, kusa da ƙofa. Ba za ka ci Jibin Ubangiji ba, ba za ka yi waƙa a kwaya ba, kuma duk wanda ya shigo sai ya wuce ta gabanka ya sunkuyar da kai kamar bai gan ka ba. Yayana yana da shekara arba'in da shida, da 'ya'ya huɗu da suke zaune a gaba suna waiwaye. Mahaifiyarmu kuwa ita ke kaɗa tulu in ana waƙa a zumuntar mata ta coci tun kafin a haife ni. An gaya mini ranar ta kaɗa har aka tashi, amma bakinta bai buɗe da waƙa ba.

Matarsa ce ta kira ni, shi ba zai kira ba. Yayana mutum ne da in ka take masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ni kuwa ba haka aka yi ni ba, duk zafin gidanmu a kaina aka juye. Washegari na hau mota na je, na tsaya a ƙofar gidan shugaban kwamiti ko zama ban yi ba. Na tambaye shi wa ya gwada man da ke tankin. Ya ce babu buƙata. Na tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa riƙe sifana. Ya ce in tuna da dattijo nake magana. Na ce na tuna, shi ya sa ban faɗi sauran ba. A ƙarshe, don ya rabu da ni, ya yarda a kai motar Kafanchan a duba, da sharaɗin ba da kuɗin ƙungiya ba.

Akwai wani tsoho a bayan tashar jirgin ƙasa da na sani ta hanyar jikarsa, wadda na koyar. Ya yi aikin gyaran injin kan jirgi har ya yi ritaya, yanzu yana da rumfa ta kwano inda yake taɓa injinan niƙa da janareto da motocin gas. Mutane ba sa son zuwa wurinsa don ba ya sauri, kuma ba ya yarda ka gaya masa abin da ke damun motarka. Can muka kai ta ranar Asabar da safe, da buhu talatin na citta a baya, don tsohon ya aiko cewa kada a kawo masa ita wayam.

Na fara zuba masa labarin ma'aji da kananzir, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ba alƙali ba ne, in bari mota ta yi magana. Ya shiga gaba ya sa yayana ya ja mu zuwa wani tudu a bayan gari. Nan ta yi abin da ta saba. Tsohon ya leƙa ta taga yana kallon hayaƙin, ya kasa kunne, ya ce a koma.

Da muka dawo rumfa ya zuƙo mai kaɗan daga tanki a gwangwani, ya shinshina, ya murza a yatsu, ya ɗiga a farar takarda ya ɗaga ta a rana. Ya ce man nan lafiyarsa ƙalau. Ya ƙara da cewa ko da an gauraya da kananzir ba irin wannan hayaƙin zai ba da ba, kuma ba zai jira sai an zo tudu ba. A nan na kalli yayana, shi kuwa yana kallon ƙasa kamar ba a kansa ake magana ba.

"Malama, kin san fitilar ƙwai," in ji tsohon. "In ramukan ƙasanta suka toshe, mene ne ke faruwa da gilashi?"

Na ce baƙi yake yi.

"To shi ke nan. Mai yana nan, iska ne babu. Baƙin hayaƙi mai ne wanda bai ƙone ba. Kafin ka zagi mai, tambayi iska tukuna."

Ya bayyana mini, yana kwance ƙusoshi, cewa turbo ba wani abin tsafi ba ne. Fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta tura iska da ƙarfi cikin inji. In mota ta ɗauki kaya ta doshi tudu, famfon inji yana ƙara mai, turbo kuma dole ya ƙara iska daidai da shi. In iskar ta gaza, ko don hanyarta ta toshe, ko don tiyo ya fashe tana zurarewa, ko don fankar ta gaji, sai ƙarfi ya faɗi hayaƙi ya yi baƙi. Ya ce shi ya sa ake farawa daga bakin da iska ke shiga a bi ta har ciki, nozul da famfo su ne na ƙarshe. Waɗanda suka riga shi daga ƙarshen suka fara, don can kuɗin yake.

Aka ɗaga kan motar. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu yana matsawa, yana neman tsaga ko jiƙar mai, bai samu ba. Ya cire tiyon bakin turbo ya sa yatsa ya juya fankar, ya girgiza ta, ya ce wannan turbo zai binne wanda ya ce ya mutu. Sannan ya buɗe gwangwanin filtar iska ya zaro ta. Yayana ya yi saurin cewa sabuwa ce, makaniki na farko ya sa, kuma shi da kansa yana duba ta kowane mako, kullum tsaf take.

Tsohon ya juya filtar a hannu ya daɗe yana kallo. Ya tambayi tun yaushe aka sa. Wata biyu. Ya tambayi ko a kan kwalta kaɗai ake tafiya. Yayana ya ce ina, hanyoyin gona ne, ga ƙaiƙayin busasshiyar citta. Sai tsohon ya ce to ai tsabtar nan ita ce ciwon. Filtar da ta yi wata biyu a hanyar gona ya kamata ta yi jajir. In ta zauna fara, to iska ba ta isowa gare ta yadda ya kamata.

Ya bar gwangwanin a buɗe ya ce a tayar. Da yayana ya taka totur, inji ya amsa da wata murya da na manta yana da ita, har da ɗan fito siriri na turbo. Hayaƙin ya yi baƙi sau ɗaya ya washe.

Saura bututun da ke kawo iska daga waje. A irin wannan mota yana tsaye ne a bayan kai, daidai bayan kujerar direba, da hula a samansa don ruwan sama. Tsohon ya cire hular ya leƙa bai ga komai ba. Ya lanƙwasa waya ya zura ta can ƙasa inda bututun ya karya kwana, ya yi ta lalube. Sai ya ji abu. A hankali ya jawo shi, ya fito baƙi ƙirin da ƙura, ya faɗi a kan tebur.

Leda ce an naɗe, an ɗaure da zare. Tsohon ya ce ka ga, in ana tafiya a hankali iska tana samun gefe ta wuce, amma da turbo ya ja da ƙarfi sai ledar ta buɗe ta manne a kwanar ta rufe hanya. Ya sa wuƙa ya yanke zaren. A ciki akwai ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu, an yanko daga tsohon zanen zumunta, an kalmashe bakinsa da jan zare. Ni na san wannan ɗinkin. Da shi aka kalmashe mini kayan makaranta tun daga aji ɗaya. A tsakiyar ƙyallen akwai takarda da man zaitun ya jiƙa, da addu'a layi uku da sunan yayana, cikin manyan baƙaƙen nan karkatattu na wadda ta koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci.

Tsohon ya kalle mu, ya ɗauki filtar ya koma wajen mota yana mayarwa, ya ba mu baya.

Ban sha wahalar haɗa labarin ba. A farkon kakar nan an tare wata mota a hanyar da yayana ke bi, an tafi da direban daji. Tun daga ranar Mama ba ta da sukuni. Ta je wani gidan addu'a a ɓoye aka shafa wa ƙyalle mai, ta kawo masa ya ƙi karɓa, don Fasto ya yi wa'azi mai zafi a kan irin waɗannan abubuwa, ya ce laya ce aka sa wa rigar coci, kuma duk wanda aka kama da ita horo ne. Da ya ƙi, sai ta nemi wuri a jikin motar da ke kwana a tsakar gidanta, wurin da ruwa ba ya shiga, wanda kuma ya fi kusa da kan ɗanta. Ta cusa a ƙarƙashin hular nan. Girgizar hanya da zuƙar inji suka yi sauran aikin. Ita ba ta san rami ne na numfashi ba. Har ta zauna tana kuka a kan horon da aka yi masa, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa da hannunta a ciki ba.

Ni dai murna ce ta fara zuwar mini, ba zan ɓoye ba. Na ce gobe Lahadi zan ajiye wannan leda a kan teburin dattawa, in sa ma'aji ya shinshina ya gaya mini ko kananzir ce. Yayana ya ɗauki ƙyallen ya ninke ya sa a aljihun rigarsa.

"Ba za ki kai ba," ya ce.

Na ce ya haukace ne? Sunansa fa, da 'ya'yansa.

"Duk matan zumunta sun san ɗinkin Mama. In na tashi a bencin nan, ita ne za ta zauna. A shekarunta. Za su karɓe tulun."

Na yi masa faɗa a gaban tsohon nan har muryata ta dushe. Na ce dattawa su ji kunya su ne ya kamata, ba mu ba. Na ce za a iya ɓoye takardar a nuna ledar kaɗai. Ya ce za su tambayi wa ya sa, kuma ma'aji ba zai huta ba sai ya tono. Na juya ga tsohon na ce Baba ka sa baki. Ya ce shi abin da zai iya rubutawa shi ne man tanki lafiyayye ne, inji lafiyayye ne, an sami abu ya toshe bututun iska. Mene ne abin, wa ya sa, wannan ba aikin makaniki ba ne.

Abin da yayana ya gaya wa kwamiti shi ne tsumman goge gilashinsa ne, yakan soke shi a ƙarƙashin hular, ya manta, inji ya zuƙe. Ina zaune a wurin na ji shi ya faɗa. Suka karanta takardar tsohon. Suka hau motar da kaya suka ga ta cinye hawan bayan gada a giya ta uku. Sai shugaba ya yi gyaran murya ya ce sun gode wa Ubangiji da ba sata ba ce, an ɗage horo. Amma sakaci ma laifi ne, ya jawo wa ƙungiya asarar gyara har sau biyu, don haka ya ba da makullin mota. Ɗan ƙanwar ma'aji ya karɓa a mako na gaba.

Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. A gaban jama'a aka kira shi ɓarawo, amma wanke shi a cikin sanarwa aka yi, tsakanin ranar sharar coci da taron matasa. Ma'aji har hannu ya miƙa masa a bakin ƙofa yana murmushi, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Na yi wata uku ban taka cocin ba, kuma na yi kusan haka ban yi wa yayana magana mai daɗi ba. Mama ma na riƙa amsa mata a gajarce, tana tambayata me ta yi mini, ina cewa babu komai.

Daga baya ya samu babur yana ɗaukar fasinja tsakanin ƙauye da Kwoi. Ranar da na je gida hutun ƙarshen zango, na tarar ya fita, Mama tana zaune a ƙarƙashin mangwaro inda motar take kwana a da, da allura a hannu. Ta yafuto ni, ta duba hagu da dama, ta buɗe tafin hannunta. Wani ƙyallen ne, da jan zare a bakinsa.

"Ke da kin yi makaranta," ta ce a hankali. "Wancan na mota ya yi aiki, ko sau ɗaya ba a tare shi ba. A mashin ɗin nan, ina ne wurin da ruwa ba ya shiga?"

Saura kaɗan in zazzage mata duk maganar da na tara wata da watanni. Na dubi yatsunta, sun kumbura da kaɗa tulu, zaren ma da ƙyar ta zura shi. Na karɓi ƙyallen na ce kada ta sa a jikin babur, ta bar mini, ni zan ba shi.

Da yamma ya dawo na miƙa masa ƙyallen. Ya duba, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro na farkon, ya wanke shi amma baƙin bai fita duka ba. Ya haɗa su biyu ya ninke ya mayar, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran tuwo.